Silinda Takwas

A bayan garejinmu na Ƙofar Ƙwaya,
ƙarƙashin dalbejiyar da balbelu suka ɓata wa gindi,
wata tsohuwa na kwance kan duwatsu huɗu.
Ƙirar Amurka ce. Alhaji Nalado ya shigo da ita
shekarar da aka sauya hannun tuƙi,
ja wur, mai dogon baki,
kamar jirgin ruwa ya ɓace hanya ya hau tudu.

Ni na fara buɗe mata ciki, ina ɗan sha tara.
Silinda takwas. Kafireto kamar tukunyar biki.
In aka murza makulli sai ƙasa ta yi tari,
kaji su watse, mai shayi ya dafe kofunansa,
'yan Sabon Layi su ce, "Nalado ya fito."
Ba ta ɓoye ciwo. In fulogi ne, ta faɗa.
In mai ya yi mata yawa, ta yi baƙar gyatsa.
Nakan kafa sukudireba kan injin,
in manna kunnena a ƙota,
in saurare ta yadda ungozoma ke sauraren ciki.

Yau ga Sagiru, ɗan ƙanena, da farar riga,
ko ɗigon baƙin mai babu a farcensa.
An kawo wata 'yar sumul, ban ji shigowarta ba
sai da inuwarta ta taɓa mini ƙafa.
Ya ja wata waya ya soka ƙarƙashin sitiyari,
ya zauna yana kallon allo, yana kurɓar fura.
"Baba, ta ce na'urar iska ce ta gaji."
Ta ce? Ni ban ji ta ce uffan ba.
Na ɗaga bonet, sai murfin roba ruf,
kamar surukata ce take jin nauyina.
Sifana goma sha uku da ke hannuna
ta rasa wanda za ta gaisa da shi.

Kwana biyu ina cin tuwo da fushi.

Amma ba zan yi wa tsohuwa ƙaryar kirari ba.
Raƙumi in ya sha yakan yi mako,
ita kafin Jibiya ta shanye kuɗin zuwa Kano.
Birkinta sai an fara roƙonsa tun daga nesa.
Ranar da taya ta fashe bayan Batagarawa,
ƙarfen sitiyari ya sami Nalado a ƙirji.
Ita ɗan lotsawa ta yi.
Kwana uku da guduma, ta miƙe kamar ba ita ba.
Shi kuwa ni na riƙe ƙafar makararsa ta hagu.

Bara, jikata Bara'atu, kan hanyar Dutsin-ma,
sabuwar motarsu ta markaɗe kamar gwangwanin madara.
Wata farar jaka ta fito ta tare ta.
Da ƙafarta ta fita daga ciki,
tana kuka, tana neman warin takalminta.
Na sha juya wannan lissafi cikin dare,
bai taɓa fitowa yadda raina ke so ba.

Duk da haka, ran Juma'a bayan an sauko,
nakan aro batir, in ɗiga mata fetur da murfin kwalba,
in ce, tashi ki gaishe da mutane.
Takan yi gardama, ta yi tari, ta yi tsaki,
sannan ta buɗe maƙogwaro,
har kwanon shago ya ɗauki rawa.

Makon jiya Sagiru ya ajiye allonsa,
ya ɗauki sukudirebata bai nemi izini ba,
ya kafa, ya manna kunne, ya runtse ido.
Hayaƙi ya ɓata masa farar riga.
Can ya ɗago ya ce, "Baba, na biyar ba ya ci."

Na biyar ɗin ne kuwa.
Ban faɗa masa ba.
Na dai miƙa masa tsumma, na koma kan bencina.